Takardar da Ban Sa wa Suna Ba

Bara 'yata Hauwa ta je biki Kontagora ta dawo mini da magana a baki. Wata tsohuwa ce ta tambaye ta 'yar gidan wa ce, da ta faɗa, sai tsohuwar ta gyara zama ta ce ai ubanki ne ya sa aka kori Malam Isyaku daga sakandare, bayan ya shekara uku yana cin tuwon gidansa. Hauwa ta iso tana huci, wai in ba ta izini ta koma ta wanke ni. Na ce ta zauna ta sha ruwa tukuna. Tun ranar nake juya maganar, har na ga gara ku ji ta daga gare ni, ke Hauwa da ƙannenki, domin abin da tsohuwar ta faɗa ba duka ne ƙarya ba. Ba a kori Malam ba, nan kam ta yi kuskure. Sauran ku karanta ku yanke hukunci da kanku.

Malam Isyaku shi ne hedimastan firamaren ƙauyenmu, can bayan Rijau. Ranar da aka kai ni hannunsa ban san komai a Hausa ba sai sannu da na gode, yarenmu Dukanci kawai nake ji. Shi ya buɗe mini baki da Hausa, shi ya riƙe hannuna na ja baƙin farko a allo. Dogo ne siriri, mai farar riga guda biyu da yake juyawa, kuma bai cika duka ba. Amma yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa: duk takardar da ka miƙa masa ba ka sa sunanka da na ubanka a sama ba, ko ka ci komai daidai, sai ya cire maki biyu. Ba faɗa, ba tsawa, zai dai ɗauki jan alƙalami ya rubuta maka sunan da kansa, ya ja layi, ya rage biyu. Kafin mu kai aji uku hannunmu ya riga ya saba, da an ba mu farar takarda suna ne ke fara sauka tun kafin mu karanta tambaya. Kuma ba mu kaɗai ba, duk yaron da ya yi firamare a ƙasar nan a zamanin haka aka rene shi, wasu da bulala ma.

Shekarar da na ci jarrabawar shiga sakandare ta zo daidai da rikicin da ya kai ga yaƙin basasa. Malamai da yawa suka tattara suka koma garuruwansu, yawancinsu kuma su ne masu koyar da lissafi da kimiyya. Makarantu suka wayi gari ba mai riƙe alli. Sai ma'aikatar ilimi ta shiga tsamo tsofaffin hedimastoci daga firamare tana cike gurbi da su, a haka aka ɗauko Malam Isyaku aka kawo shi Kontagora ya koyar da lissafi daga aji ɗaya zuwa uku. Ni da shi mota ɗaya muka shigo. A tasha babana ya kama hannuna ya sa a nasa, ya ce da 'yar Hausar da yake ji:

"Malam, ga naka. In ya lalace, kai. In ya gyaru, kai."

Makarantar kwana ce, amma duk Asabar akan sake mu mu shiga gari daga hantsi zuwa la'asar. Wasu kasuwa suke nufa, ni gidan Malam. Matarsa Inna Kande 'yar Kontagora ce haihuwa da girma, tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma dawowarsu gari ta yi mata daɗi ƙwarai, don tsohuwarta na nan bayan masallacin unguwar. Allah bai ba su ɗa namiji ba, sai ta ɗauke ni kamar ita ta haifa. Ta san abincin makaranta ba ya riƙe ciki, saboda haka kafin in iso ta ajiye mini malmala biyu da miyar kuka, in zan koma ta cika mini gwangwani da ƙuli. Tana tsokanata da cewa Hausata har yanzu da sauran ƙasar Rijau a jikinta. Ni kuma in ɗebo mata ruwa, in faskara itace, in wanke wa Malam rigar da ba ya sanye da ita. Shekara uku ba Asabar ɗin da na yi fashi sai in ina kwance.

A waɗannan Asabar ɗin ne na ga abin da sauran 'yan ajinmu ba su gani ba. Aji ɗaya da aji biyu Malam bai sha wahala ba, lissafin bai yi nisa da wanda ya sani ba. Da muka shiga aji uku sai littafin ya canza. Nakan tarar da shi a gindin mangwaron tsakar gida, kan tabarma, littafin a buɗe a cinyarsa, ga tarin takardu duk ya cika su da rubutu ya soke. Yakan buɗe bayan littafin inda aka jera amsoshi, ya dubi amsa, ya dawo yana neman hanyar da za ta kai shi gare ta. In ya samu, sai ka ga ya yi murmushi shi kaɗai, ran Litinin kuma wannan darasin za mu yi, ya koyar da shi tsaf. In ya gagara, sai ya naɗe gefen shafin ya wuce. A aji in muka iso wurin sai ya ce, wannan za mu dawo masa. Ba mu taɓa dawowa ba. Inna kan raɗa mini in na shigo:

"Bi a hankali, Bawa, Malam na kokawa da littafinsa."

Ni kuwa lissafi ba abin wasa ba ne a wurina. Ina ɗan shekara tara annoba ta shiga shanun ƙasarmu, ta kashe wa babana uku cikin huɗun da ya mallaka. Ta huɗun ta tsira ne don masu allurar shanu sun iso kafin ta kamu. Na tsaya ina kallon mai allurar, da gajeren wandonsa na kaki da akwatin ƙarfensa, Fulani da Dukawa da Kambari duk sun yi layi suna jiran ya taɓa dabbarsu. Tun ranar na ce wannan aikin zan yi. Hanyarsa kuma ɗaya ce: a ƙarshen aji uku ake raba ɗalibai gida biyu, ɓangaren kimiyya da ɓangaren tarihi da adabi, kuma ba mai shiga kimiyya sai ya sami hamsin a lissafi a jarrabawar ƙarshen shekara. Wanda aka tura ɗaya ɓangaren ya tafi ke nan, ba a komowa.

A zangon ƙarshe na shekarar aka kawo mana sabon shugaban makaranta, matashi ne ɗan Arewa da ya dawo daga kwas a Ingila, mai saurin tafiya da son a yi komai bisa ƙa'ida. Firinsifal kawai muke ce masa. Shi ya ce bana ba malamin aji ne zai fitar da tambayoyin lissafi ba, wani malami Ba'indiye da ke koyar da manyan azuzuwa shi zai fitar, daga cikin manhajar da ma'aikata ta aiko daga Sakkwato. Ranar jarrabawa na juya takardar na duba. Tambaya goma ce, huɗu daga ciki ko mai kama da su ba mu taɓa gani ba, amma ni na san inda suke, suna cikin shafukan da aka naɗe wa gefe. Mu talatin da biyu ne a ajin. Da sakamako ya fito ba wanda ya kai hamsin. Yohanna, abokina ɗan Zugurma wanda shi ne monita, shi ya zo na ɗaya da arba'in da huɗu, ni ina bin sa da arba'in da ɗaya.

Kwana biyu bayan haka Firinsifal ya shigo ajinmu da kansa, da damin fararen takardu a hammata. Ya sallami malamin da ke ciki, ya rufe ƙofa. Ya yi magana da Turanci, sannan ya maimaita da Hausa don kada wani ya ce bai gane ba.

"Aji guda ba ya faɗuwa gaba ɗaya haka kawai. Ina so in san laifin wa ne, naku ko namu. In naku ne, bana ba ajin kimiyya, kowa ya tafi tarihi. In namu ne, zan san yadda zan yi da ku. Kowa ya rubuta mini abin da yake gani game da darasin lissafi, gaskiya tsakaninsa da Allah. Kada kowa ya sa sunansa."

Sai da ya faɗi wannan ta ƙarshen sau uku. Mu dai ba mu taɓa jin inda aka tambayi ɗalibi ra'ayinsa kan malami ba, sai kowa ya zuba wa takardarsa ido. Can na ji alƙaluma sun fara motsi. Ni na daɗe ban rubuta komai ba. Na tuna malmalar Inna, na tuna hannuna cikin hannun Malam a tasha, na kuma tuna mutumin nan mai akwatin ƙarfe. Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya rinjaye ni ba son gaskiya ba ne. Maganar nan ce ta kada a sa suna. Na ce a raina takarda talatin da biyu, duk ba suna, wa zai san tawa? Har na karkata rubutuna ya koma kwance don kada a gane hannuna. Abin da na rubuta bai fi layi shida ba, kuma har yau ina iya kawo shi da ka. Na ce malaminmu mutumin kirki ne, ba ya fashi, ba ya duka ba dalili, amma lissafin aji uku ya fi ƙarfinsa. Na ce yana koyon darasi ran Asabar ya koyar ran Litinin, wanda ya gagare shi ya naɗe gefen shafin ya tsallake, kuma babi goma sha ɗaya muka tsallake a haka. Na rufe da cewa ba mu muka faɗi jarrabawar nan ba.

Da muka fita cin abincin rana Yohanna ya zauna kusa da ni yana ta fara'a. Na tambaye shi me ya rubuta.

"Me kuwa zan rubuta? Na ce Malam uba ne, mu ne ba mu da ƙoƙari. Na sa sunana manya-manya."

"Ba an ce kada a sa ba?"

"Yabo fa na yi, Bawa. In ban sa suna ba wa zai san ni ne?"

Na ajiye cokali na bi teburin ina tambaya kamar da wasa. Wannan ya ce shi kafin Firinsifal ya gama magana hannunsa ya riga ya rubuta, kuma ya ji kunyar sokewa. Wancan ya ce a garinsu takarda mara suna ta munafukai ce, irin wadda ake jefa wa hakimi don a ɓata wani. Wani ya ce shi ya ɗauka tarko ne, ana so a ga wanda zai manta. Kafin a buga ƙararrawa na zagaye ajin kaf. Mutum talatin da ɗaya sun sa suna, kuma duk yabo suka yi. Ni kaɗai na bi umarni. Firinsifal kuma, da yake haka ya ga ana yi a can inda ya yi kwas, ya karanta ya tattara damin gaba ɗaya ya miƙa wa mai darasin. Mai darasin, Malam Isyaku, shi ne malamin ajinmu, rajistar sunayenmu tana aljihun teburinsa. Ko yaron aji ɗaya na firamare zai iya wannan lissafin.

Ran Alhamis aka liƙa sanarwa cewa mutum goma sha biyu na sama a lissafi za su iya zaɓar kimiyya bisa gwaji, Ba'indiyen zai riƙa yi musu ƙarin darasi da yamma har su cike giɓin. Sunana na biyu. 'Yan aji suka yi ta murna suna cewa Firinsifal ya ji tausayinmu, ni na san abin da ya buɗe ƙofar. Aka raba mana fom na zaɓen darussa, a ƙasansa akwai wurin sa hannun uba ko waliyyi, a dawo da shi ran Litinin. Babana yana Rijau, ba ya rubutu. Waliyyina a littafin makaranta tun ranar da na shigo Malam Isyaku ne.

Ban taɓa jin nisan hanyar gidan nan ba sai wannan Asabar ɗin. Na yi sallama sau biyu kafin Malam ya amsa daga gindin mangwaro. Inna na bakin murhu tana juya gyaɗa a kasko, na durƙusa na gaishe ta, ta ci gaba da juyawa kamar ba mutum a wurin. Matan malamai ba sa riƙe magana, ta riga ta ji komai. Sai da na miƙe ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Ashe ido ka kawo mana gidan nan, Bawa. Ni na ɗauka ciki ka kawo. Har goma sha ɗaya ka ƙirga?"

"Kande," in ji Malam, "kawo masa abincinsa."

Ta kawo ta dire nesa da ni ta koma. Malam ya nuna mini gefen tabarma. Littafin ba ya cinyarsa ranar, yana rufe a gefe, an ɗora masa dutse. Na miƙa masa fom ɗin da hannu biyu. Ya sa tabarau ya karanta tun daga sama har ƙasa, a hankali, kamar yadda yake karanta komai.

"Kimiyya?"

"Kimiyya, Malam."

"Har yanzu allurar shanun ce?"

"Ita ce, Malam."

Ya sa hannu, ya hura tawadar ta bushe, ya miƙo mini. Ya ce in dage da aljabra, can na fi rauni, kuma in riƙa zama a gaba a ajin Ba'indiyen don yana magana da sauri. Tun daga makaranta na shirya kalmomin ban haƙuri, na jera su a kaina, amma da na buɗe baki sai na ji ina cewa na gode. Ya ce Allah ya yi albarka. Tuwon na bar shi yadda aka kawo, kuma ranar na koma ba gwangwanin ƙuli. A hanya har na fara lallashin kaina cewa wataƙila shi bai ɗauki abin da zafi ba, tunda bai ce komai ba.

Ranar hutu kowane malamin aji ya raba wa yaransa sakamako a cikin ambulan da aka liƙe, a kai wa iyaye. Al'adarmu da babana tun ina firamare ita ce ba na buɗewa sai a gabansa. Shi zai yage bakin ambulan ɗin da kansa, ya miƙo mini, in karanta ina juya masa da Dukanci, shi kuma yana bin takardar da ido yana neman jan rubutu, don ya san ja ba alheri ba ne. Na same shi a masussuka, ana tsakiyar aikin dawa. Ya karkaɗe hannunsa, muka koma inuwa, ya yage. Takarda biyu suka faɗo.

"Bana biyu ce," ya ce. "Fara da mai jan."

Takardata ce, da rubutun nan nawa na kwance. A sama, inda na bari fili, Malam ya rubuta sunana da na babana da jan alƙalami, da kyakkyawan hannun nan nasa na hedimasta, ya ja layi. A ƙasa ya sa takwas cikin goma, ya rubuta: gaskiya ne, an cire biyu don ba suna. Na so in yi wa tsohon ƙarya, don ba wanda zai kama ni a duk masussukar nan, amma bakina ya ƙi. Na karanta masa duka. Maganar da ta yi mini kama da hujja a Turanci, da na juya ta da harshen uwata sai na ji ta kamar zagi. Babana ya nuna takardar da yatsa.

"Baƙin rubutun wa ya yi?"

"Ni."

"Jan fa?"

"Malam."

"Sunan wa ya sa?"

"Nawa da naka."

"To ka ga har ni ka jawo ciki," ya ce. "Duk mako kana zaune a tabarmarsa. Bakin da ke buɗuwa a ci tuwo, bai iya buɗuwa ya gaya masa a can ba?"

Ya koma sussukarsa. Bayan kwana uku ya ɗaure bunsuru, ya auna dawa rabin buhu, ya hau motar Kontagora shi kaɗai, ya ce ganina ba zai gyara komai ba. Ya tarar ana ɗora kayan su Malam a babbar mota. Daga bakinsa na ji abin da tsohuwar bikin ba ta sani ba. Ba wanda ya kori Malam. Shi ya rubuta da hannunsa ya roƙi a mayar da shi firamare. Firinsifal ya yi ta roƙonsa ya tsaya ya riƙe aji ɗaya da biyu, inda ba wanda ya fi shi, ya ƙi. Ya gaya wa babana cewa tun zangon farko ya san lissafin aji uku ya fi ƙarfinsa, kunya ta hana shi faɗa, ya yi ta cewa mako mai zuwa zai gane, har yara talatin da biyu suka kusa rasa hanya a hannunsa. Ya ce tunda sai da yaro ya faɗi abin da shi ya kamata ya faɗa, ba zai iya sake tsayawa gaban allon nan ba. Ya karɓi dawar, ya ce a koma da bunsurun a sayar a saya mini littafin lissafi na aji huɗu. Inna ba ta fito ta gaisa da babana ba.

Ƙauyen Sahon Rami aka tura Malam. A lokacin wurin ba hanyar kirki, ba kasuwar da za ta ɗauki man gyaɗar Inna, sana'arta ta mutu. Tsohuwarta ta rasu a Kontagora da damina, kafin labari ya kai mata ta keto laka ta iso an riga an binne. Wannan ba zan iya cire kaina daga cikinsa ba, kuma ban taɓa ganin laifinta ba da ta riƙe ni a zuciya. Ba kuma zan ce muku na yi nadamar shiga kimiyya ba, don ƙarya ce. Da wannan aikin na ciyar da ku, da shi kuka yi karatu. Cikin mu goma sha biyun nan har da Yohanna, wanda ya zama injiniyan ruwa, ya rasu bai san wa ya buɗe masa ƙofa ba. Abin da na rubuta gaskiya ne, kuma da ban rubuta ba da aji guda ya tafi a banza. Abin da ke damuna shi ne inda na samo gaskiyar, da hanyar da na bi na kai ta. A gidan mutum na gan ta, a tabarmarsa, na ɗauka na kai ofis na ɓoye fuskata.

Sau ɗaya na sake ganinsa. Na fara aiki ke nan aka tura mu allurar shanu yankin Sahon Rami, da akwatin ƙarfena da komai. Kwana biyu ina kewaye makarantar ina neman dalilin da zai hana ni shiga, ran na uku na shiga. Gemunsa ya yi fari fat, yana aji yana koya wa yara jadawalin sau. Ya gane ni tun daga ƙofa. Ya sa yaran suka miƙe suka gaishe ni, ya ce musu wannan ɗalibina ne, likitan dabbobi ne. Da aka tashi muka tafi gida. Inna ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta aiko da ruwa, ba ta sake fitowa ba. A zaure na durƙusa na faɗi kalmomin da suka maƙale mini tun waccan Asabar. Ya saurare ni har na gama.

"Tashi, Bawa. Ai ba ka yi mini ƙarya ba. Da ka gaya mini a gindin mangwaron nan, da ni da kai za mu tafi ofishin, in faɗa da bakina kana tsaye. Shi ke nan abin da na so."

Muka yi hira mai tsawo, ya tambayi babana, ya sa na buɗe akwatin na nuna masa alluran ɗaya bayan ɗaya, yana juya su yana jinjina kai. Da zan tafi ya rako ni har bakin hanya. Ganin ya sake sai na yi ƙarfin hali, na ce cikin raha, Malam, to makin nan biyu fa, ba za a mayar mini ba? Ya yi dariya har ya dafa kafaɗata.

"An riga an shigar, Bawa. Ni ba na goge abin da na shigar."

Bai shekara uku bayan haka ba ya rasu. Takardar tana cikin akwatin ƙarfen, ƙarƙashin takardun fansho, duk mai so ya je ya duba. Jan ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, amma ana karantawa. Saboda haka, Hauwa, in kin sake haɗuwa da tsohuwar nan kada ki wanke ni. Ki gaya mata ba a kori Malam Isyaku ba, da ƙafarsa ya tafi, don ya fi mu duka sanin abin da ya dace. In ta tambayi wa ya rubuta takardar, ki ce Bawa ne, ubanki, kuma ki ce shi ya aiko ki ki faɗi sunan.